Tattaki a dazuzzuka da magangarun ruwa na karkarar Faransa: tambayoyi da amsoshi

Tafiyar ƙafa a daji, wadda Faransawa ke kira randonnée, abu ne da yaro da tsoho suke fita yi a ƙarshen mako. Kusan kashi 31 cikin 100 na ƙasar Faransa daji ne, kuma an shata turbobi a cikinsa an yi musu alama da fenti. Waɗannan amsoshi domin mai jin Hausa ne da ke zaune a can, ɗalibi ko ma'aikaci, da kuma baƙon da ya zo ziyara yake son ya bar birni ya ga ruwa na zubowa daga kan dutse. Magangarar ruwa a Faransanci ita ce cascade, wani wuri kuma a ce saut. Kalmomin nan biyu za ka riƙa gani a jikin alluna.

Wane wata ya fi dacewa a je ganin magangarar ruwa?

Wanda ya san Gurara ko Matsirga ta Kafanchan zai ɗauka Agusta ne lokacin cikar ruwa. A Faransa Agusta ne ruwa ya fi ja baya, kuma a lokacin ne mutane suka fi cika turba saboda dogon hutun makaranta. Mutum na iya biyan kuɗin jirgin ƙasa da na masauki ya je ya tarar da dutse jiƙaƙƙe kawai.

Magangarun can iri biyu ne, kuma kowanne da lokacinsa. Na manyan tsaunuka, wato Alpes da Pyrénées, narkewar dusar ƙanƙara ce ke ciyar da su, don haka sun fi ƙarfi daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli. A kwarin Fer-à-Cheval da ke Sixt, a jihar Haute-Savoie, cikin watan Yuni ana iya ƙirga magangaru wajen 30 suna saukowa daga bangon dutse guda, amma zuwa Satumba 'yan kaɗan ke saura. Na ƙananan tsaunuka kamar Jura da Vosges da Auvergne kuwa ruwan sama suka fi dogara da shi. Jura ma ta fi kowa saurin canzawa, domin dutsenta na farar ƙasa ne mai ramuka a ciki, ruwa yana nutsewa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama mai yawa rafi zai cika ya yi ta ruri, bayan mako uku babu ruwa kuma sai ya koma zare. A farin da aka yi a 2018 da 2022, Saut du Doubs, magangara mai tsayin mita 27 a kan iyakar Faransa da Suwizalan, ƙafewa ta yi ƙaf. Ga Jura, Afrilu da Mayu ko Oktoba da Nuwamba sun fi, kuma kafin ka sayi tikiti ka duba ko an yi ruwa a makon da ya wuce.

Ban taɓa yin irin wannan tafiya ba. Ina zan fara?

Magangarun kogin Hérisson a jihar Jura, kusa da ƙauyen Doucier. Turba ɗaya ce mai bin gefen rafi a cikin daji, tsawonta kilomita 3.7, zuwa da dawowa 7.4, hawanta kuma kamar mita 250. Ana farawa daga wurin ajiye motoci na Maison des Cascades, inda ake biyan kuɗi a lokacin baƙi. Cikin 'yan mintoci za ka isa gindin Éventail mai mita 65, wadda ruwanta ke bazuwa hawa-hawa kamar an buɗe mafici. Daga nan matakala ce mai tsayi zuwa Grand Saut mai mita 60, inda ruwan ke faɗowa a tsaye. Sama da nan turbar tana laushi, ta wuce Gour Bleu da Saut de la Forge da kangon tsohon injin niƙa, ta ƙare a Saut Girard mai mita 35. Awa 3 ake ware mata. Amfaninta ga sabon shiga shi ne manyan magangaru biyun suna farko, wanda ya gaji zai iya juyawa daga Grand Saut bai yi asara ba.

Mai yara ƙanana ko dattijo ya duba Tendon a Vosges, tsakanin Épinal da Gérardmer, mai mita 32 kuma kusa da titi. A yammacin ƙasar akwai ta Mortain a Normandie, mita 25. A Gimel kusa da Tulle, kogin Montane yana faɗuwa sau uku a jere, jimilla mita 143. Ana biyan kuɗin shiga, kuma matakalarta tana da yawa.

Idan ƙafata ta saba fa?

Sai Pyrénées. Babbar magangarar Gavarnie tana da tsayin mita 422, tana faɗowa daga wani bangon dutse mai kama da rabin ƙwarya da ke kan iyaka da Sifaniya, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997. Daga ƙauyen Gavarnie zuwa tsohon masaukin da ke bakin kwarin awa ɗaya da 'yan mintoci ne a kan hanya mai faɗi. Yawancin mutane a nan suke tsayawa. Zuwa gindin ruwan kuwa ƙarin minti 45 ne a kan tsakuwa mai zamewa ƙarƙashin ƙafa, kuma feshin ruwan yana jiƙa mutum sharkaf tun kafin ya isa. Har cikin Yuli akan tarar da tulin dusar ƙanƙara ya rufe rafi kamar gada. Kada ka taka shi, kada ka shiga ƙarƙashinsa ɗaukar hoto. Ruwa ya riga ya cinye cikinsa, samansa ne kawai ya rage, kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya rufta.

A Cauterets akwai turbar magangaru daga La Raillère zuwa Pont d'Espagne, hawan awa ɗaya da rabi cikin daji, kogi na gefenka tun daga farko har ƙarshe, daga can kuma a ƙarasa tafkin Gaube a tsayin mita 1,725. A jihar Ariège, magangarar Ars mai mita 246 da hawa uku tana da nisan kamar awa 2 daga Aulus-les-Bains.

Kusa da Paris akwai?

Daji akwai, magangara ta kirki babu, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Dajin Fontainebleau minti 40 ne a jirgin ƙasa daga Gare de Lyon, a sauka a tashar Fontainebleau-Avon. A nan Claude-François Denecourt ya fara shata turbobi a 1842, kuma har yau alamarsu shuɗin fenti ce. Wuri ne mai kyau na gwada takalmi da koyon bin alama kafin a nufi tsauni.

Fentin da ke jikin itatuwa da duwatsu me yake nufi?

Shi ne harshen turba, kuma wanda ya iya shi da wuya ya ɓata. Ƙungiyar masu tattaki ta ƙasa, FFRandonnée, wadda asalinta ya faro a 1947, ita ke kula da yawancinsa, 'yan sa-kai ne kuma suke bi da goga suna sabuntawa. Kowane layi tsawonsa santimita 10 ne, faɗinsa 2.

Fari a sama, ja a ƙasa, alamar GR ce, doguwar turba ta kwanaki ko makonni, kamar GR10 da ta ratsa Pyrénées daga Hendaye zuwa Banyuls-sur-Mer. Rawaya a kan ja GR de Pays ce, mai zagaye yanki guda cikin 'yan kwanaki. Rawaya ita kaɗai PR ce, ta yini ɗaya ko ƙasa da haka, kuma yawancin turbobin magangaru irinta ne. Idan ka ga an ƙara layi mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu a ƙasan alamar, kwana ce ke zuwa, ka juya ɓangaren da ta nuna. Idan layukan sun gicciye kamar harafin X, ba hanyarka ba ce, ka koma.

A Vosges tsarin daban ne. Club Vosgien, da aka kafa a 1872, yana amfani da siffofi: da'ira, zobe, mai kusurwa uku, mai kusurwa huɗu, gicciye, cikin ja ko shuɗi ko rawaya ko kore. A can gicciye ba hani ba ne, alamar wata turba ce. Haka kuma kada ka bi lambobi da jan fenti mai kauri da ma'aikatan gandun daji ke shafa wa itacen da za a sare ko iyakar fili. Wannan kuskure yana kai mutane cikin hanyar tarakta da ba ta ɓulla ko'ina.

Idan ka yi minti 10 ba ka ga alama ba, ka tsaya ka koma inda ka ga ta ƙarshe. Yanke ta cikin daji a kusa da magangara shi ne mafi hatsarin abin da mutum zai yi, domin gangaren da ke da sauƙi a sama yakan ƙare a bakin bangon dutse.

Waya ta isa, ko sai da taswirar takarda?

Waya tana aiki muddin ka sauke taswirar tun a masauki, domin a cikin kwazazzabo sabis yana ɗaukewa. Manhajar Visorando da ta hukumar taswira ta ƙasa, IGN, suna da turbobin. Sanyi da neman sabis suna cinye batir, don haka ka sa wayar a yanayin jirgin sama, GPS zai ci gaba da aiki. Taswirar takarda da ake so ita ce IGN TOP 25 mai shuɗin bango. A kanta santimita 4 kilomita ɗaya ne. Siraran layukan ruwan ƙasa suna nuna tsayi, a tsauni tsakanin layi da layi mita 10 ne. Inda suka matse da juna hawa ne mai tsanani, inda suka haɗe bango ne.

Yaya zan ƙiyasta lokacin da tafiya za ta ci?

Kilomita 4 a awa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 300 na hawa. A Hérisson, kilomita 7.4 sun ba da kusan awa 1 da minti 50, hawan ya ƙara minti 50, tsayuwar kallo ta cike awa 3. Lokacin da ake rubutawa a kan allunan rawaya bai haɗa da hutu ba, kuma an auna shi ne da ƙafar wanda ya saba. Sabon shiga ya ƙara kashi ɗaya cikin uku. Hasken rana ma ya bambanta da na gida ƙwarai: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin 5 na yamma ta faɗi, kuma a cikin kwari mai itatuwa duhu yana riga haka shigowa.

Wane takalmi da tufafi?

Takalmi shi ne kan gaba. Dutsen da feshin ruwa ke sauka a kansa kullum yana yin gansakuka, saiwoyin itace jiƙaƙƙu kuma sun fi sabulu santsi. Ana son takalmi mai taushin roba da zurfin zane a tafinsa, wanda ya kama idon sawu idan da hali. Silifa da takalmin fata na ofis da kambas mai sumul ɗin tafi su ne ke kai mutane asibiti. Ka sayi wanda ya ɗara ƙafarka kaɗan, don yatsu kada su riƙa dukan gaba a gangara, kuma ka yi yawo da shi a gari na kwanaki kafin tafiyar. Sabon takalmi da safar auduga su ke kawo bororo. Safar ulu ko ta roba ta fi. Da ka ji wuri ya fara zafi, ka tsaya ka liƙa filasta kafin ya tashi.

Tufafi hawa uku ake yi: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai hana ruwa da iska. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa kusa da ruwa sai sanyi ya kama ka. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, saboda haka ranar da ake gumi a garin Lourdes da ke gindin tsaunukan Pyrénées ana iya rawar ɗari a Gavarnie. Doguwar riga ko abaya mai jan ƙasa tana jiƙewa, tana kuma shiga ƙarƙashin ƙafa a kan matakala. Wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa sun rufe jiki ba tare da wannan matsala ba. Hijabi ba laifi ba ne a turba, amma a soke bakinsa cikin riga saboda rassa. Rufe fuska gaba ɗaya kuwa dokar 2010 ta hana shi a wuraren jama'a.

A jakar goyo a sa ruwa lita 1.5 zuwa 2 ga kowane mutum, 3 idan ana zafi, da abinci, da rigar ruwa, da tocila ta goshi, da usur, da filasta da bandeji, da siririn bargon nan mai ƙyalli na gaggawa, da ledar zuba shara. Sanda biyu suna rage wa gwiwa nauyi a gangara.

Ana iya wanka a gindin magangara?

A wurare da yawa an hana, kamar Ray-Pic a Ardèche da gindin Sillans-la-Cascade a Var, kuma allon zai ce baignade interdite. Dalilan na gaske ne. Duwatsu suna ɓallowa daga saman bango tare da ruwan. Inda ruwa ke faɗowa yana juyawa ya ja mutum ƙasa, kumfarsa kuma ba ta ɗaukar jiki kamar ruwa tsayayye. Ruwan tsauni ko a Yuli sanyinsa bai wuce digiri 10 da 'yan kai ba, wanda ya faɗa da zafin jiki numfashinsa na iya sarƙewa nan take. Faransawa suna kiran wannan hydrocution.

Akwai kuma magangarun tuf, kamar na Baume-les-Messieurs da Planches-près-Arbois a Jura, masu kama da matakala lulluɓe da koren gansakuka. Wannan dutse ruwa ne ke gina shi a hankali ƙwarai, yana ajiye farar ƙasa a kan tsiro. Taku ɗaya yana farfasa abin da ya ɗauki shekaru, shi ya sa ake kewaye su da igiya. A tsaya bayan igiyar.

Rafi yana iya cika ba tare da an yi ruwa a inda nake ba?

Ƙwarai. Hadari na iya zuba a saman tsauni kai kana cikin rana a ƙasa. Idan ruwa ya fara canza launi zuwa ja ko ya ɗauko ganye da rassa, ka hau sama nan da nan. A yankin Cévennes, daga Satumba zuwa Nuwamba, akan yi ruwan da cikin yini guda yake zubar da na watanni. Na biyu, koguna da yawa suna da madatsar wutar lantarki a sama, kuma kamfanin EDF na iya sakin ruwa a kowane lokaci. Allunansa masu launin rawaya suna bakin kogi, ma'anarsu kada a zauna a tsakiyar rafi ko a kan tsibirin tsakuwa.

Kafin fita ka duba taswirar gargaɗi ta hukumar hasashen yanayi, Météo-France: kore, rawaya, ruwan lemo, ja. Ruwan lemo ya isa dalilin fasa tafiya. A tsaunuka hadarin bazara da rana tsaka zuwa la'asar yake tasowa, don haka ake sammako. Idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, ka sauka daga tudu, ka nisanci itace tilo da igiyar ƙarfe da bakin ruwa.

Zan iya shan ruwan rafin?

Garau ɗinsa kada ya ruɗe ka. A sama akwai garken shanu da tumaki, wani lokaci har mushe. A tafasa shi minti ɗaya, ko a tace, ko a jefa ƙwayar Micropur ko Aquatabs a jira lokacin da aka rubuta a kwalin. Famfon ƙauye da aka rubuta wa eau non potable ba na sha ba ne. Masu tattaki sun san cewa kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa, sai dai shi ma a duba ko da allo.

Waɗanne dabbobi ne abin tsoro?

Ba waɗanda mutane ke zato ba. Beyar ɗin Pyrénées, da aka fara kawowa daga Slobeniya a 1996, guje wa mutum yake yi. Aladen daji ma haka, sai dai uwa mai 'ya'ya. Abin da ya fi cutar da masu tafiya a daji shi ne kaska.

Kaskar can ƙarama ce, wata kamar ƙwayar riɗi, wata ba ta kai ba, tana zaune a kan dogayen ciyayi daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma tana ɗauke da cutar Lyme. Gabashin ƙasar da tsakiyarta, irin su Alsace da Lorraine da Limousin, sun fi fama. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka bi tsakiyar turba, da yamma kuma ka duba jiki duka: bayan gwiwa, hammata, matsematsi, cibiya, bayan kunne, cikin gashi. Idan ka samu, ka cire da ɗan ƙugiyar roba da ake kira tire-tique, ana sayar da ita a kowane kantin magani. A zura ta ƙarƙashin kaskar a murza a hankali har ta saki. Kada a shafa mata mai ko kananzir, kada a ƙona ta da ashana, domin hakan yana sa ta amayar da abin cikinta a jikinka. Cirewa da wuri yana rage hatsari sosai. Sai ka rubuta ranar, ka sa ido wata guda. Alamar cutar tabo ne mai faɗaɗa kamar zobe, tsakanin kwana 3 zuwa 30. Hotunan da ke asibitoci na farar fata ne, inda tabon ke fitowa ja. A baƙar fata yakan fito duhu-duhu kamar ƙurji ko wurin da aka buge, yana da sauƙin wucewa ba a lura ba. Saboda haka ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kawai ka ji, ka gaya wa likita kaska ta cije ka, kada a tsaya neman maleriya kaɗai.

Maciji mai dafi shi ne vipère, gajere, mai son shan hantsi a kan duwatsu. Idan ya sari mutum, ba a ɗaure wurin, ba a tsaga, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a kwantar da shi, a kira 15 ko 112.

A makiyayar tsauni akwai patou, babban farin kare mai gadin tumaki. Aikinsa ne ya taso yana haushi. Ka tsaya cik, kada ka gudu, kada ka ɗaga sanda ko ka jefe shi, kada ka zuba masa ido. Ka yi magana a hankali, ka bar shi ya shinshina, sannan ka zagaye garken daga nesa. Saniya mai ɗan maraƙi ma a ba ta hanya.

Na ga allo an rubuta chasse en cours. Me zan yi?

Farauta ake yi, da bindiga mai cin dogon zango, galibi ta aladen daji. Babban lokacinta daga Satumba ne zuwa ƙarshen Fabrairu, kuma babu wata rana a mako da dokar ƙasa ta hana ta ko'ina. Ka juya ko ka canza turba. Idan ka ga maharbi da rigar ruwan lemo, ka gaishe shi ka tambaye shi inda aka tare. A waɗannan watanni ka sa tufa mai haske, kada ka bar turba. Ofishin magajin gari, mairie, da ofishin baƙi sukan san ranakun.

Dajin na waye? Ana hura wuta ko kwana a ciki?

Kashi uku cikin huɗu na dajin Faransa na mutane ne, sauran na gwamnati da ƙananan hukumomi, hukumar gandun daji ta ƙasa, ONF, ke kula da shi. Turba da yawa tana ratsa filin wani ne da yardarsa, kuma yana iya janyewa. Shi ya sa ake rufe duk ƙyauren da aka buɗe, ba a taka ciyawar da ake nomawa don dabbobi, ana kuma ce wa duk wanda aka haɗu da shi bonjour. Wuce mutum a turba ba gaisuwa rashin ladabi ne a can kamar yadda yake a gida.

Doka ta hana hura wuta a cikin daji da duk inda bai kai mita 200 daga gare shi ba, a lokacin hatsari har da shan taba. Gobara 9 cikin 10 mutum ne sanadinta. Daga Yuni zuwa Satumba Météo-France tana fitar da taswirar hatsarin gobara, kuma a kudu, kamar Var da Bouches-du-Rhône, ana rufe daji gaba ɗaya a ranakun iska da zafi, wanda ya shiga a ci shi tara.

Kwana a tanti na dare ɗaya, bivouac, ya danganta da wuri. A gandun ƙasa na Pyrénées an yarda daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 9 na safe, in ka yi nisan fiye da awa ɗaya daga titi. A Fontainebleau sai a wuraren da ONF ta ware. Mai son rufi ya nemi masaukin masu tattaki, gîte d'étape a ƙauye ko refuge a tsauni, ya kama wuri tun da wuri. Ɗakin kwanansu na haɗaka ne, maza da mata, wanda bai so haka ba ya tambayi ƙaramin ɗaki ko ya nemi chambre d'hôtes, wato ɗakin baƙi na haya a gidan wani. A riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina kati ke aiki ba.

Abinci da salla fa?

Naman halal a birane yake, a ƙauye da wuya. Kalmomin da za a kula da su: porc, jambon, lardons, saucisson, charcuterie, duk alade ne, kuma lardons yana ɓuya a cikin salak da dankali da ƙwai. A refuge tukunya ɗaya ake dafa wa kowa, don haka a faɗa tun ranar kama wuri cewa sans viande, wato marar nama, ake so. Burodi da cukun Comté na Jura da kifin gwangwani da dafaffen ƙwai da dabino da gyaɗa sun isa guzurin yini. Kilishi daga gida ba ya shiga, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da madara a jakar matafiyi. Kantunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana, da yammacin Lahadi, da yawa har Litinin.

Alƙibla daga Faransa kudu maso gabas take, daga Paris digiri 119. Alwala a yi ta da ruwan gora a busasshen wuri, domin tsugunawa a kan jiƙaƙƙen dutse a bakin rafi mai gudu ya jefa mutane da yawa cikin ruwa.

Ana tsinkar 'ya'yan itace da naman kaza?

A dajin gwamnati an yarda da naman kaza har lita 5 ga mutum a rana, amma wanda bai san su ba ya bar su. Amanite phalloïde tana kama da masu ciwuwa, tana lalata hanta, kuma alamunta ba sa fitowa sai bayan awanni. A Jura da gabashin ƙasar, 'ya'yan itacen da ke dab da ƙasa suna iya ɗaukar ƙwan wata tsutsa daga kashin yanyawa. Dafawa ce ke kashe shi, firiza ba ta kashewa.

Idan wani ya faɗi ya ji rauni?

A kira 112, yana shiga ta kowane layin da ke da sabis a wurin. Idan sabis ɗin bai isa kira ba, a tura saƙon tes zuwa 114. A faɗi sunan ƙauye da na turba, da sunan da ke jikin sandar allon da aka wuce ta ƙarshe, da abin da ya faru, da yawan mutane. Masu ceto na tsauni, PGHM na jandarma, sukan turo saƙo mai mahaɗi, da ka latsa sai su ga inda kake. Wanda ya bugu a kai ko baya ba a ɗaga shi sai in ruwa ko dutse na barazana, a lulluɓe shi da bargon gaggawa har ƙarƙashinsa. Ga jirgi mai saukar ungulu, ɗaga hannu biyu sama yana nufin ana neman taimako, ɗaya sama ɗaya ƙasa yana nufin lafiya. Da usur, busa 6 a minti, a huta minti ɗaya, a sake.

Ceton da jami'an gwamnati suka yi a turba kyauta ne, asibiti kuwa da kuɗi. Mai bizar Schengen dole yana da inshorar da ta kai Yuro 30,000, sai ya karanta takardar ya ga ko ta haɗa da tafiyar tsauni, don wasu suna cire ta daga wani tsayi.

Ba ni da mota. Zan iya zuwa?

Wasu wuraren. Jirgin ƙasa mai sauri, TGV, yana zuwa Lourdes daga tashar Montparnasse a Paris, daga can akwai bas zuwa Cauterets da Gavarnie. Sixt ana bi ta tashar Cluses. Hérisson da Ray-Pic kuwa da wuya ba mota. Bas ɗin karkara kaɗan ne a yini, ranar Lahadi wani layin ba ya fita sam, kuma jadawalin hutun makaranta daban yake da na sauran shekara. Lokacin bas na ƙarshe ake fara dubawa, sannan a lissafa tafiyar da baya daga kansa, a bar rarar awa ɗaya.

A lokacin hunturu ana zuwa?

Na ƙananan tsaunuka ana zuwa, kuma idan sanyi ya daɗe ƙasa da sifili Éventail takan daskare ta zama bangon ƙanƙara. Sai dai feshin ruwa yana daskarewa a kan matakala, ana bukatar ƙananan ƙusoshin da ake ɗaura wa tafin takalmi, kuma ba a tsayawa ƙarƙashin ƙanƙarar da ke rataye, musamman idan rana ta fara dukanta. Cikin kwarin Gavarnie da na Fer-à-Cheval kuwa dusar ƙanƙara tana zaftarowa daga bango har ƙasa, saboda haka kada a wuce inda hukuma ta kafa allo.